Amsar Ɗiyar Fari

Rana ɗaya tak na taɓa kiran ɗiyata ta fari da sunanta, kuma labarin ranar nake so in rubuta. Kada mai karatu ya yi saurin ce mini muguwa. Uwata ba ta taɓa kiran babban wanmu da sunansa ba har aka kai ta makwancinta, kuma ba wanda ya ce ba ta son shi. Haka muka tarar a Tsibiri. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukar shi gaban mutane, ba a zama hira da shi. In ya faɗi ya fasa baki, sai ki kau da kai har wata ta zo ta ɗaga shi. Kunya ke nan, kuma ni na iya ta fiye da duk matan layinmu.

Da aka yaye yarinyar, yayar mijina ta zo daga Jiratawa. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta ce a ba ta ita ta riƙa. Ba a tambaye ni ba, in ma an tambaye ni, me zan ce? Ina tsakar gida ina surfe ta goya ta. Yarinyar ta miƙo hannu ta gefen kafaɗar gwaggonta tana kuka, ni kuwa ko sassauta taɓarya ban yi ba. Tsofaffin gida suka yaba ni, suka ce wance 'yar gidan mutunci ce, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Surfe aka sa ni, amma geron nan sai da ya koma gari a turmi.

Can Jiratawa ta tashi, cikin garake. Gwaggon nan tata, gaskiya ɗaya ce, ta yi ƙoƙari. Da zogale da barkono ta sa ta lakwal, makarantar boko, ta tsaya mata har ta zama mai karɓar haihuwa a wata matarnite, asibitin haihuwa, cikin Maraɗi. Ba ta yi aure da wuri ba, sai da ta gama karatunta, sannan wani mai sayar da atamfa ya aure ta suka tare a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. In muka haɗu wurin biki ko rasuwa takan durƙusa ta ce, "Tanti, ina kwana." Tanti, kamar yadda take ce wa kowace mace da ta girme ta a bakin titi. Ni kuma in dubi bango in ce, "Lafiya lau. Ya mutanen gida?" Shi ke nan hirarmu, tun tana da ƙuruciya har ta zama matar aure. In zan ambace ta ga wani, sai in ce ta Jiratawa.

Gero da wake nake sayarwa, tiya-tiya, a kasuwar Maraɗi. Kullum da hantsi ɗan kabu-kabu ya kawo ni daga Tsibiri a babur, kafin la'asar ya mai da ni. Bayan mai gidana ya rasu na fita takaba, wata maƙwabciyarmu Kirista, tsohuwar madam ce da ta bar aikin lakwal, ta buɗe ajin manya a wata rumfa bayan majami'arsu. Na shiga. Mata suka yi ta dariya, wai da furfura za ni in zauna kan benci. Na ce musu gemu ma bai hana ilimi ba, balle ni da ba ni da shi. Hannun da ya saba da taɓarya bai san tausayin alli ba, na karya mata alli ba adadi. Amma na koya. Wasu sun gudu tun kafin kaka, ni na zauna har na iya haɗa magana in rubuta.

Wata rana madam ta ce mini, "To, yanzu wa za ki fara rubuta wa?"

Na ce, "Wa gare ni?"

Ta yi murmushi. Su ma suna kunyar ɗan fari, ta san abin da ke nan. Ni kuwa tuni na gama lissafina. An hana ni magana da baki, amma duk tsofaffin Tsibiri ba wadda ta taɓa cewa an hana yatsa. Lokacin da aka kafa al'adar ba wanda ya san za a yi salula, wayar hannun nan.

Na sayi salula mai shafawa wurin wani mai gyaran salula da ke da tebur a bakin ƙofar kasuwa. Ya sa mini wani abu da ya kira aplikasiyon, wai shi ne gidan da saƙonni ke kwana. Mutumin akwai surutu. Ya yi ta nuna mini cewa gidan yana da ɗakuna, kowane saƙo da ɗakin da za a kai shi, na 'yan uwa daban, na tallan kamfani daban. Ya ce wanda kika fi so ana iya kafe shi can sama, kina buɗewa shi za ki fara gani. Ya yi bayanin wata 'yar alama da ke fitowa ƙarƙashin saƙo, wai tana sake launi in an yi kaza. Ban saurari wannan ba. Na miƙa masa lambar da na daɗe da haddacewa na ce ya kafe ta sama.

Ya ce, "Hajiya, wane suna za a sa?"

Na ce, "Kawo nan." Na rubuta da kaina: ta Jiratawa.

Saƙon farko ya cinye mini yini guda. In rubuta, in goge, mai sayen gero ya zo in ajiye, in sake ɗauka. Abin da na tura a ƙarshe shi ne: "Ni ce ta Tsibiri. Rana ta yi zafi yau. Ki sha ruwa." Ban kai ga mai da salular cikin lalita ba ta yi motsi a hannuna. Na bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. An rubuta: "Na gani, na gode. Allah ya saka da alheri."

Wani mutum yana tsaye yana jiran tiya biyu ta gero. Na yi masa awo na tula masa har yana zuba, ya dube ni kamar wadda ta taɓu, ya ɗaure bakin buhunsa da sauri kada in dawo hayyacina.

Daga nan sai na saki jiki. Abin da na haɗiye tun ina amarya na shiga amayar da shi cikin salula. Na rubuta mata cewa ranar da aka haife ta ana ruwa, ɗakin yana yoyo, gero ya fara fid da kai a gonar bayan gida. Na rubuta mata yadda nono ya yi mini dutse bayan an tafi da ita, na riƙa matse shi bayan ɗaki kada surukata ta gani. Na gaya mata cewa shekarar da ta yi ƙyanda na taka har Jiratawa da sunan sayen barkono, na tsaya jikin dannin gidan gwaggonta ina leƙen ta ta ɓular zana, tana kwance kan tabarma an shafe ta da magani, na juyo ban shiga ba. Wannan ko mijina ban taɓa gaya wa ba.

Kuma duk abin da na tura, kafin in ƙifta ido amsa ta iso. "Na gani, na gode. Allah ya saka da alheri." Kullum ita, ba ragi ba ƙari. Ban ga laifin haka ba. Na ce ai ita ma kunya ce ke ɗawainiya da ita, ɗiyar kirki ba ta sakin baki gaban uwa. Har daɗi nake ji, ina cewa jinina ne, ba ta da yawan magana.

Wadda ke rumfa ɗaya da ni a kasuwa mai busasshen barkono ce da kauɗar tumatir, 'yar Jiratawa, bakinta ya fi hajarta yaji. Ba ta iya karatu ba, sai dai in karanta mata. Wata rana ta gama saurare ta ce, "Ƙawa, wagga ɗiya taki hannu nawa gare ta?"

Na ce, "Kamar yaya?"

"Awo. Ba karɓar haihuwa take yi ba? Mace na bisa gwiwa tana kururuwa, ɗa ya sako kai, ita kuma ta ce dakata in amsa wa mai gero? Ni ɗana da ke zaman kashe wando ma sai na yi kira uku kafin ya ɗauka."

Na ce, "Naki ne haka. Ke da ko sunanki aka rubuta a goshinki ba ki gane shi a madubi, mi kika sani a kan saƙo?"

Ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, madam." Ta ci gaba da kaɗa ƙuda.

Cikin ɗiyata ma a bakin wannan matar na ji shi. Ta je gida Jiratawa ta dawo ta ce, "An ce kin kusa yin jika, ko ba a rubuto miki ba?" Na ce na sani tun tuni. Ban sani ba. Da aka haihu, namiji, mijinta ne ya aiko aka gaya mini. Haihuwar fari gida ake zuwa wanka, amma ita ta ce ba inda za ta, a ɗakinta za ta yi, gwaggonta ta tattaro kayanta ta tare a Zariya tana dafa mata ruwa. Na surfa gero mafi kyau da ke rumfata, na daka yajin jego da hannuna, na sayi kanwa da ƙafafun sa. Na rubuta mata cewa ina nan tafe ranar suna. Ta gani, ta gode.

Ranar suna na ɗora kaya a kabu-kabu, buhu a gaban mai tuƙi, ƙwarya a cinyata. Gidan nasu mai ƙofar ƙarfe ne, an kafa rumfa a waje maza sun gama addu'a suna watsewa, ciki kuwa mata sun cika tsakar gida, tukwane na kan wuta. Na ajiye kayana bakin ƙofar ɗakin mai jego, na shiga na zauna can gefe kusa da ƙofa, inda ya dace uwa ta zauna a sunan jikan ɗiyar fari. Ita tana kan katifa ta sha lalle. Gwaggonta na gefenta, tana karɓar barka kamar ita ta yi naƙudar. Akwai abokan aikinta na matarnite da turarensu, akwai wasu tsofaffi biyu da suka zo daga Tsibiri.

Ta ce, "Tanti, sannu da zuwa." Na dubi labule na amsa.

Sai ta yi abin da ban taɓa gani ba. Ta ɗaga jaririn sama, ɗanta na fari, ta kira shi da sunan da aka raɗa masa ɗazu, da ƙarfi, har sau nawa. Ta sumbaci goshinsa, ta sumbaci tafin ƙafarsa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce, "Ke wance, ba ki jin kunya? Ɗan fari ne fa."

Ta ce, "Kaka, ni na sha wuyarsa. In ban kira shi ba wa zai kira mini?"

Aka yi dariya, aka ce zamani. Gwaggonta ta fi kowa dariya.

Ni kuwa ina son in ce wa mai jego sannu, ba hali. Sai na zaro salula ƙarƙashin mayafi, na sunkuya na rubuta: "Hancinsa irin na babanki ne. Kin sha wuya. Sannu ɗiyata." Ban taɓa rubuta ɗiyata ba sai ranar. Na tura.

Salularta tana kan taga daidai kafaɗata, an sa ta a caji, don nan kaɗai ne wurin kuran, wutar lantarki, a ɗakin. Ko tari ba ta yi ba. Tawa ce ta yi motsi a cinyata. Na duba. "Na gani, na gode. Allah ya saka da alheri."

Na ɗaga kai na dubi ɗiyata, abin da ban saba yi ba. Ta sa yaron a nono. Hannunta ɗaya yana tallafe da kansa, ɗayan yana riƙe da nonon. Hannu biyu Allah ya ba ta, kuma ga su nan duka ina gani. Tana ma magana da wata abokiyar aikinta a kan ɗinkin da aka yi mata.

Na ce ƙila idona ne. Na sake sunkuyawa. Wannan karon ban tsaya zaɓen magana ba, na rubuta: "Na mutu yau da safe." Na tura, na zuba wa hannayenta ido.

Salula ta yi motsi. Ta gani, ta gode, Allah ya saka mini da alheri.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge salularta daga caji, igiyar ta faɗi ƙasa. Hira ta tsaya. Ko a lokacin ban iya fuskantar ta ba, gwaggonta na fuskanta, don haka na saba.

Na ce, "Yaya, tambayar mini ɗiyarki, wane ne cikin abin nan yake amsa mini magana?"

Gwaggon ta ce, "Wace magana kuma, matar ƙanena? Zauna mana."

"Ki tambaye ta, na ce."

Ɗiyata ba ta razana ba. Ta cire yaron daga nono a hankali, ta gyara rigarta, ta miƙa wa gwaggonta shi. Ta ce, "Inna, riƙe mini." Sannan ta miƙo mini hannu. "Kawo, Tanti. Tun da kin tambaya gaban mutane, gaban mutane zan nuna miki."

Na ba ta. Ta shafa, ta juyo da fuskar salular wajena. "Ai kin iya karatu yanzu. Karanta."

Can sama, inda ake kafe wanda aka fi so, an rubuta Inna. Ƙarƙashinta mijinta. Ta shafa ta wuce mutane da yawa, ba ni. Sai ta buɗe wani ɗaki can ƙasa. A nan ne saƙonnin tallan kamfani suke, da na 'yan damfara masu cewa kin ci mota. A tsakiyarsu na ga an rubuta: Matar Tsibiri mai gero. Na karanta shi da kaina, ba wanda ya taya ni. Da ban je ajin madam ba, da sai dai in ga baƙaƙen tsutsotsi in wuce. Ta taɓa wurin, saƙonnina suka zubo, dogo da gajere, ruwan sama da ƙyanda da nono, duk a rufe kamar ƙullin da ba a kwance ba.

Ta ce, "Na farkon na karanta. Wai in sha ruwa. Na girma, na yi karatu, na yi aure, sannan za a ce in sha ruwa. A Jiratawa na tashi, Tanti, ruwa ne kaɗai bai taɓa yanke mana ba."

Na ce, har yanzu ina duban gwaggonta, "Wa ke amsawa?"

"Shi abin. Ana gaya masa abin da zai ce, a zaɓa masa wanda zai ce wa. Ke kaɗai na zaɓa masa." Ta ajiye salular kan katifa. "Da aka yaye ni kin ba wata ni ta riƙa. Ni ma na ba wannan ke ya riƙa. Mi ya rage ki da shi? Ya taɓa barin ki ba amsa? Ya taɓa duban bango kina yi masa magana?"

Wata cikin abokan aikinta dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki da gyale.

Gwaggon tana jijjiga yaron ta ce, "Haba, ku bari mana. Yau ranar farin ciki ce. Ke ma ɗiyata ba a yi wa babba haka. Matar ƙanena, ki yi haƙuri, yarinya ce."

Ɗiyata. A gabana ta faɗa, da bakin nan nata da ba a taɓa ɗaure shi ba. Ni ba a taɓa ni in ƙyale, kuma wanda ya fi kusa shi nake sara.

Na ce, "Ke yi mini shiru, Yaya. Bari waɗanda suka san zafin naƙuda su yi magana. Ɗakin nan daga mai jego sai masu karɓar haihuwa sai mu da muka haifa, ke a wane layi kike? Aro aka ba ki, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Ko wanga da kike jijjigawa jinina ne, ba naki ba."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ludayi da tukunya daga tsakar gida. Gwaggon ta daina jijjigawa. Ta dubi yaron da ke hannunta kamar an ce mata na sata ne. Ta kwantar da shi kan katifa a hankali, ta janye hannun ta ɓoye cikin zane. Na ga inda maganar ta shiga, kuma a lokacin daɗi na ji.

Ɗiyata ta ɗauki yaron ta mai da shi cinyar gwaggonta, ta kamo hannun nan da aka ɓoye ta ɗora a kansa. Ba ta ko dube ni ba.

A nan ne na kira sunan.

Ban shirya ba. Ya fito da ƙarfi, da muryar da nake kiran mai kabu-kabu daga tsallaken titi. Sunan ya yi mini nauyi a baki kamar na tauna tsakuwa cikin tuwo, ashe ban ma san yadda yake zama a harshena ba. Tsofaffin Tsibiri suka dafe ƙirji suna salati. Ɗaya ta ce, "Wance, kin haukace?" Na sake kira. Na dube ta ido cikin ido, na ga ashe tana da ɗan tabo a gira, ban san yaushe ta same shi ba.

Ta dube ni ita ma. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta zage ni, duk wanda ta yi zan karɓa. Sai ta gyara zama, ta ɗan rusunar da kai yadda ake yi wa baƙo, ta ce da bakinta, "Na gani, na gode. Allah ya saka da alheri."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Na ce, "Cire shi."

"Mi?"

"Abin nan da kika sa ya riƙe ni. Cire shi. Ban son godiyarsa."

Ta ɗauki salular, ta taɓa nan ta taɓa can, ta juyo mini da ita ko da yake ban san abin da zan duba ba. Ta ce, "Na cire. Daga yau duk abin da kika samu, daga gare ni ne." Sannan ta ɗaga murya ta kira wata mai rabon abinci a tsakar gida. "A zuba wa Tanti nata a leda, tafiya za ta yi. Tsibiri da nisa."

Tsibiri ba ta da nisa, kowa a ɗakin ya sani. Na fito na tsallake buhun gerona da ƙwaryar yaji a bakin ƙofa, ban karɓi ledar ba. Rana tsaka na hau kabu-kabu.

Washegari na fita kasuwa, don ban ga abin da zai hana ni ba. Labari ya riga ni isa. Mai barkono tana ganina ta tafa hannu ta ce, "La ilaha, ga ta da ƙafarta! Ƙawa, an ce kin mutu jiya da safe, kuma har an yi miki godiya."

Na ce, "Na mutu na dawo, in ga wa zai ci rumfata."

"To, hannu nawa gare ta?"

Ta auna mini barkono ƙulli guda ta tura gabana, ta ce in kai gida. Na tura mata abinta.

Da rana na je wurin mai gyaran salula na ce ya sake yi mini bayanin alamar nan da ban saurara ba. Ya ce in saƙo ya isa, alamar fara-fara take zama, in an buɗe shi sai ta yi shuɗi. Muka bi saƙonnina tun daga sama. Na farkon ne kaɗai mai shuɗi. Ashe abin yana gabana tun tuni, kullum ina kallon shi. Mutumin ya ga amsoshin jere iri ɗaya, ya gane, ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce, "Hajiya, in kina so ke ma sai in sa miki irin shi. Duk wanda ya rubuto, shi zai amsa."

Na ce, "Wa ke rubuto mini?"

A Tsibiri an yi kwanaki ana tauna ni. Wai boko ya cire mini kunya, wai na kira ɗiyar fari gaban surukai kamar mai kiran akuya. Masu cewa haka su ne dai suka yaba ni ranar da na ƙi ɗaga kai daga turmi. Madam ta zo har gida ta ce in tafi Jiratawa in ba gwaggon haƙuri, wai ta nan ƙofar take. Na ce mata harafi na zo koya wurinta, ba wa'azi ba. Abin da aka ce in yi shi na yi, tun ina yarinya, kuma na yi shi da kyau. In akwai mai ba da haƙuri, a tono tsofaffin da suka kafa abin su bayar. Mun haɗu da gwaggon bayan haka wurin wata rasuwa. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi kasuwa, har ta matsa mini wuri a tabarma. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na daɗe ban taɓa gidan saƙonnin ba. Damina ta wuce, sabon gero ya shigo kasuwa. Wata rana da hantsi, ba ciniki, na buɗe. Tana nan sama inda na kafe ta. Na goge ta Jiratawa, na rubuta sunanta a wurin. Sannan na buɗe wurin saƙo, na rasa abin faɗi, don duk na riga na faɗa wa ƙarfe. Sai na rubuta sunan kawai na tura.

Salula ba ta yi motsi ba. Na riƙe ta a hannu har tafina ya yi gumi. Na yi awo, na ba da canji, na yi sallar azahar, ba komai. Da can kafin in ƙifta ido an gode mini.

Ina ɗaure bakin buhu zan tashi na sake dubawa. Ba amsa. Amma alamar da ke ƙarƙashin sunan ta yi shuɗi.

Tun daga ranar haka muke. In tura, a yi shiru, can zuwa la'asar ko washegari alamar ta sake launi. Ko harafi ɗaya ba ta taɓa maido mini ba. Yaron an ce har ya fara tafiya, ban gan shi ba tun ranar suna. Mai barkono takan gan ni ina leƙen salula ta ce, "Ƙawa, ta amsa?"

In ce, "Ta buɗe."

"Shi ke nan?"

"Da hannunta ta buɗe. Auna barkononki, ga mutum na jira."